Darasi na 11: Ɗaukar Shatar Mota Daga Kano Zuwa Rijiyar Kusugu

Shata ita ce mutum ko ƙungiya su ɗauki mota sukutum da direbanta, su biya kuɗinta gaba ɗaya, ta kai su inda suke so, ta jira su, ta komo da su. Ta bambanta da shiga motar haya a tasha, inda kowa ke biyan kuɗin kujerarsa, a zauna jiran mota ta cika, in an isa direba ya sauke fasinja ya kama gabansa. Makarantun Islamiyya da ajujuwan yaƙi da jahilci da ƙungiyoyin unguwa sukan ɗauki shata idan za su ziyarci wani wurin tarihi su dawo a rana guda. Abin da ake saye a shata shi ne yinin direba da motarsa, saboda haka duk abin da yinin zai ƙunsa sai an yanke shi kafin a tayar da mota. Misalin da za a bi a nan shi ne ziyara daga Kano zuwa Daura.

Hanya da wurin da aka nufa

Daura tana cikin jihar Katsina, arewa da Kano, tafiyar kimanin kilomita 130. Hanyar ta bi ta Dambatta, ta ratsa Kazaure a jihar Jigawa, sannan ta shiga Daura, wanda kuwa ya zarce zai ɓulla Kwangwalam a bakin iyakar Nijar. Lafiyayyar mota takan kai cikin awa biyu zuwa biyu da rabi, gwargwadon halin hanya da yawan shingaye.

Babban abin da ke kai baƙi garin shi ne rijiyar Kusugu. Tarihin baka ya ce wani maciji da ake kira Sarki ya tare rijiyar, ba ya barin mutane su ɗebi ruwa sai ranar Juma'a. Ana nan sai wani baƙo, Bayajidda, wanda aka ce daga Bagadaza ya taso ya biyo ta Borno, ya sauka gidan wata tsohuwa mai suna Ayana. Ya nemi ruwa bai samu ba, ya je rijiyar da dare ya kashe macijin. Sarauniya Daurama ta aure shi, suka haifi Bawo, kuma 'ya'yan Bawo shida ne aka ce sun mulki Daura, Kano, Katsina, Zazzau, Gobir da Rano. Da Biram ta Garun Gabas aka cika Hausa Bakwai. Masana tarihi sun daɗe suna muhawara kan yadda za a fahimci wannan labari, amma rijiyar tana nan, an yi mata gini, ana kuma ɗiban ruwanta har yau.

Ba rijiyar kaɗai ake zuwa gani ba. Akwai fadar Sarkin Daura, inda Alhaji Umar Faruk Umar ya hau gado a 2007, bayan rasuwar Sarki Muhammadu Bashar. Akwai kuma Tsohon Birni a wajen gari, inda aka ce nan ne mazaunin sarauta kafin a dawo Daura ta yanzu. Tun da wuraren a warwatse suke, ayarin mutum 18 da ya zo a motar tasha sai ya yi ta neman babura da adaidaita-sahu daga wannan wuri zuwa wancan, da yamma kuma da wuya a sami mota ɗaya da za ta kwashe su tare. Wannan shi ne dalilin shata.

Inda ake samun mota

Mafi yawan mutane tasha suke zuwa. A Kano, motocin Katsina da Daura da bakin iyaka suna lodi ne a tashoshin arewacin birni, irin su Tashar Kuka da Ƙofar Ruwa. Wanda ya je neman shata ya fi kyau ya wuce ofishin ƙungiyar direbobi ta NURTW da ke cikin tashar, kada ya tsaya wurin duk wanda ya tare shi a bakin ƙofa. Ɗan kamasho zai ci la'adarsa, kuɗin ya ɗan ɗaga, amma an sami mai tsayawa. Ƙungiya ta san direban, ta san lambar motarsa da gidan da yake kwana, in aka sami saɓani akwai inda za a kai ƙara.

Wasu sukan nemi direban unguwa da aka sani. Yakan yi sauƙi, sai dai sanayya tana da nata lahani: kunya kan hana a faɗi sharaɗi ɓaro-ɓaro, a rabu a kan "ai ba komai, mu je mu dawo tukuna", a dawo kuma kowa da lissafin da ke cikinsa. Kamfanonin hayar motoci su ne suka fi tsada, amma suna ba da rasit, sun dace da makarantar da za ta yi wa hukuma ko iyaye bayanin kuɗi.

Girman mota yana bin yawan mutane. Sharon ko Sienna takan ɗauki shida zuwa bakwai, bas ƙirar Hiace 14 zuwa 18, Coaster kuwa kusan 30. A lodin tasha an saba cusa mutum huɗu a inda aka yi don uku. A shata babu dalilin haka, kujeru ake ƙirgawa, a kuma bar wurin kulolin abinci da tabarmi da jarkar ruwa. Idan akwai tsofaffi ko masu goyo, a lura da tsayin matakin shiga da yadda tagogi ke buɗewa, don zafin hanyar a bazara ba wasa ba ne.

Duba mota da direba

Ana duba mota ne kwana ɗaya ko biyu kafin tafiya, da rana, tare da wanda ya san mota, in da hali bakanike. Taya ce abin fara dubawa, domin fashewarta a guje na daga cikin abubuwan da ke kifar da bas. A gefen kowace taya akwai jerin haruffa da lambobi da ya fara da DOT, kuma lambobi huɗu na ƙarshe su ne ranar haihuwarta: biyun farko mako, biyun ƙarshe shekara. Tayar da aka rubuta wa 2321 an yi ta ne a mako na 23 na shekarar 2021. Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, FRSC, wadda aka kafa a 1988, tana gargaɗin cewa taya ta tashi daga aiki idan ta shekara huɗu da ƙerawa, ko da zanenta bai suɗe ba. A shafa gefenta a ji ko akwai ƙulu ko tsagewa. A sa direba ya fito da safaya a gani da ido, a tabbatar da iska a cikinta, da jak da abin kwance taya.

Bayan haka sai birki, fitilu, ruwan lagireto, baƙin mai da abin kashe gobara. Takardu ma a gan su: lasisin direba, takardun mota, shaidar lafiyar mota da inshora. Hanyar da ta ratsa jihohi uku ta kuma doshi iyakar ƙasa ba ta rasa shingayen 'yan sanda da kwastan da jami'an shige da fice, kuma motar da takardunta suka mutu tana iya cinye wa ayari awa guda a gefen titi. Su ma matafiya kowa ya riƙo katin shaidarsa.

Shi kansa direban abin dubawa ne. A tambaya ko ya san hanyar, a kuma tambayi inda zai kwana a daren tafiya. Direban da ya kwana a hanya daga Legas ya iso da asuba bai dace ya ɗauki mutane da hantsi ba, kome kyan motarsa.

Yadda ake ciniki

Wanda ya san lissafin da direba ke yi a zuci ba ya taya abin da zai sa a yi masa dariya, ba a kuma cutarsa. Direba yana auna shata ne da abin da zai samu in ya yi lodinsa na kullum. A ƙaddara kuɗin mota daga Kano zuwa Daura naira 4,000 ne, motar kuma mai kujera 18 ce. Zuwa 72,000 ke nan, dawowa 72,000, jimla 144,000 idan ta cika sau biyu. Amma a ciki zai fitar da kamasho da kuɗin ƙungiya, zai bi layi a can, wataƙila ma ya dawo da rabin mota. Shata ta raba shi da wannan zullumi, don haka yakan yarda da abin da bai kai jimlar ba. Abin da ba zai sauka ƙasa da shi ba shi ne kuɗin mai, da balas ɗin mai mota idan ba tasa ba ce, da abin da zai kai gida.

Mai shi ne ya fi saurin canja lissafi. Da aka janye tallafin fetur ranar 29 ga Mayu, 2023, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa sama da 500 a Kano cikin 'yan kwanaki, ta kuma ci gaba da hawa. Tun daga nan kuɗin da wata ƙungiya ta biya bara ya daina zama ma'auni. Abin yi shi ne a lissafa da farashin ranar. Zuwa da dawowa da zagayen cikin gari za su kai kilomita 280. Idan bas tana cin kilomita 8 da lita ɗaya, lita 35 ake bukata, in lita tana naira 1,000, mai ya tashi 35,000.

Ana yin ciniki iri biyu. Ko dai a yi shi dunƙule, mai na direba, ko a biya kuɗin mota da direba kaɗai, masu shata su sha mai da kansu. Na farko ya fi kwanciyar hankali ga waɗanda ba su san mota ba. Na biyu yana da kyau idan za a yi yawo da yawa, amma sai an duba inda allurar mai take kafin a tashi, a kuma yarda a kan inda za a mayar da ita.

Cinikin kan gudana kamar haka:

"Malam direba, Daura za mu ranar Asabar, mutum 18, mu dawo a ranar."

"Alhaji, yinina za ku saya gaba ɗaya fa. Ku ba da dubu 160."

"Haba, ɗalibai ne, karo-karo suka yi. A bar mana a 115."

"Albarka. Mai kaɗai nawa zai ci?"

"To, 135, mai naka, ka kai mu rijiya da fada da Tsohon Birni, mu taso bayan la'asar."

"Na sallama. Allah ya kai mu."

Jimlar Alhaji ta ƙarshe ita ce ta fi muhimmanci, domin bai faɗi kuɗi shi kaɗai ba, ya haɗa shi da mai, da wuraren zuwa, da lokacin tasowa. Kuɗin da aka faɗa ba tare da waɗannan ba rabin ciniki ne. Wanda kuma ya karya farashi fiye da kima abin tuhuma ne, araha ba ta ado: ko motar tana da ciwo, ko yana da niyyar ɗaukar fasinja a hanya ya cike giɓin.

Sharuɗɗan da ake yankewa

Rigimar shata ba kasafai take tasowa daga kuɗin da aka ambata ba, daga abin da ba a ambata ba take tasowa. Na farko shi ne jira. Ayari ya shiga fada, direba ya ga awa uku a gabansa babu aiki, sai ya ce bari ya ɗan yi lodi ɗaya zuwa wani gari na kusa. A fito a tarar babu mota, kayan mutane kuma suna ciki. A faɗa tun farko cewa mota ba ta motsawa sai da izinin jagoran tafiya. Haka nan a faɗi abin da za a ƙara wa direba idan masu shata ne suka wuce lokaci, domin shi ma yana da haƙƙi, gobe da asuba yana da layi.

Sai batun lalacewar mota, wanda malaman fiƙihu suka riga suka warware tun zamanin raƙuma. Littafin Risala na Ibn Abi Zaid, wanda ake karantawa a zaurukan ƙasar Hausa, ya bambanta haya iri biyu. Idan wata dabba takamaimiya aka ɗauka haya ta mutu a hanya, haya ta warware a abin da ya rage na tafiyar. Idan kuwa kai mutum wuri aka lamunce, ba tare da an ayyana dabbar ba, wajibi ne mai ba da hayar ya kawo wata. Haka abin yake a mota. Masu shata su san wanne suka ƙulla. Idan da ƙungiyar tasha ko kamfani aka yi magana, a nemi su lamunce cewa in mota ta lalace a Kazaure za su turo wata. Idan da direba mai mota ɗaya ne, a yarda cewa za a biya shi gwargwadon inda ya kai, ya mayar da ragowar don a nemi wata motar. Kuɗin gyara da na faci da na janwe duk na mai mota ne, sai fa ɓarnar da fasinja ya yi da hannunsa.

A kuma yanke cewa motar da aka duba ita za ta zo, da direban da aka gani. Ya sha faruwa a nuna wa mutane sabuwar bas ranar Alhamis, ranar Asabar wata tsohuwa ta iso da wani yaro a kan sitiyari. Ba a ɗaukar fasinja ko kayan saƙo a hanya. Tarar da aka ci mota saboda takardu ko laifin tuƙi ta direba ce. Abincinsa kuwa al'ada ta ɗora wa masu shata, kuma rowa a nan ba dabara ba ce.

Kafin alƙalami yakan zama kashi ɗaya cikin uku ko rabin kuɗin, don direba ya sha mai ya kuma bar layinsa. Ba a biyan duka kafin a dawo. A faɗi makomar kafin alƙalamin in an fasa: idan masu shata suka janye a daren tafiya, sun sa direba asarar yini, yana da hujjar riƙe wani abu, idan kuwa shi ne bai zo ba, ya dawo da shi cif. Duk wannan a rubuta shi a takarda ɗaya, da kwanan wata da lambar mota da lambobin waya, ɓangarorin biyu su sa hannu gaban shaidu biyu, kowa ya riƙe kwafi. Idan ta waya aka tura kuɗi, a adana shaidar turawar.

Ranar tafiya

A tashi da ƙarfe 7 na safe, a isa wajen 9:30, kafin rana ta take. Mutum ɗaya ne jagora, shi kaɗai ke magana da direba, domin mota mai masu umarni goma ba ta zuwa ko'ina a kan lokaci. Yana riƙe da sunayen matafiya da lambar wani nasu a gida, ya bar kwafi a makaranta, ya kuma ƙirga mutane duk lokacin da za a tashi daga wani wuri. Dokar hanya ta kayyade wa bas da tasi kilomita 50 a awa a cikin gari, 80 a babbar hanya, 90 a tagwayen hanya. Jagora ya zauna gaba inda yake ganin allura, in gudu ya yi yawa ya yi magana cikin ladabi tun da wuri. Lambar kiran gaggawa ta FRSC ita ce 122.

Ziyarar fada tana son sanarwa. A aika wa majalisar masarauta takarda tun da sauran kwanaki, a faɗi ko su wane ne da yawansu da ranar zuwa. A can ana bin abin da dogarai suka ce, a tuɓe takalma inda ake tuɓewa, a nemi izini kafin a ɗauki hoto. A rijiya akwai masu kula da wurin da ke ba da labari, kuma ya kamata a tanadi abin da za a ba su a cikin kasafin tafiya, kada a bar shi ga aljihun jagora. Masu son guzurin ruwan Kusugu su zo da gorunansu.

Zaɓen rana ma yana da tasiri. Ranar Juma'a gajeriya ce saboda masallaci. Lokacin Sallar Gani, a watan Rabi'ul Awwal, Daura takan cika da baƙi da dawaki, abin kallo ya yawaita, amma wurin ajiye mota ya yi wuya, fita gari kuma ta ɗauki lokaci. Da damina a bar rarar awa guda saboda hadari, da hunturu kuma hazo kan rage ganin direba da sassafe. Ga batun salla kuwa, nisan tafiyar ya wuce mil 48, kimanin kilomita 80, da malaman Malikiyya suka sa wa sallar ƙasaru, saboda haka matafiya suna da damar yin azahar da la'asar raka'a bibbiyu.

A baro Daura da ƙarfe 4, a shiga Kano kafin magariba. Tafiyar dare tana haɗa gajiyar direba da manyan motoci marasa fitila da matsalar tsaro. Labarin halin da hanya ke ciki kuwa direbobin da ke binta kullum ne suka fi kowa saninsa, a tambaye su a tasha ana gobe tafiya. Idan wani ya kawo shawarar a leƙa Kwangwalam ko a tsallaka Nijar tun da an zo kusa, wannan wata tafiya ce dabam mai nata takardu da nata ciniki.

Biya da rabon kuɗi

Ana cika wa direba kuɗinsa ne bayan an sauke mutum na ƙarshe a inda aka yi alkawari, an kuma duba ƙarƙashin kujeru. Idan ya kyautata, a ƙara masa ɗan goro, a riƙe lambarsa.

Rabon kuɗi a tsakanin matafiya ana yin sa ne tun kafin tafiya. Shatar 135,000 a kan mutum 18 ta kama 7,500 kowanne, ƙasa da 8,000 ɗin da zai biya zuwa da dawowa a tasha, ban da kuɗin babur a cikin gari. Amma idan shida suka janye aka rage 12, kowa zai biya 11,250. Shata tana sauƙi ne idan mota ta cika, don haka ake karɓar kuɗin kowa kafin a ba da kafin alƙalami, a kuma sanar cewa wanda ya fasa bayan an ƙulla ciniki ba a mayar masa sai ya kawo madadinsa. A kan kuɗin mota a ɗora na abinci da ruwa da na masu kula da wuraren ziyara, da ɗan abin ko-ta-kwana kamar kashi 10 cikin 100. Ma'aji ya rubuta abin da ya shiga da abin da ya fita, ya karanta wa aji a zama na gaba, ragowar kuma a mayar wa masu ita ko a zuba a asusu da yardarsu.

Aiki

1. Aji mai mutum 28 ya ɗauki shatar Coaster a kan naira 210,000, abinci da sauran hidima kuma 56,000. A lissafa abin da kowa zai biya, sannan a sake lissafi idan mutum huɗu suka janye.

2. A duba tayoyin wata mota ko adaidaita-sahu a unguwa, a rubuto lambobi huɗun ƙarshe na kowace taya da shekarunta.

3. A zaɓi wani wurin tarihi da za a iya zuwa a dawo a yini ɗaya daga garin da ake, a rubuta takardar yarjejeniyar shata zuwa can wadda ba ta wuce shafi ɗaya ba.